Wa Park Chung-hee ya kifar a 1972, alhali shi ke kan mulki?

Wani ɗalibin kimiyyar siyasa ya rubuto mini daga Maraɗi yana cewa: "Malam, a tarihin Koriya ta Kudu na ga ana cewa Park Chung-hee ya yi juyin mulki har sau biyu, a 1961 da kuma 1972. Na farkon na gane shi. Amma a 1972 ai shi ne shugaban ƙasa, kuma zaɓe ya ci. To wa ya kifar? Me kuma yake nema, tunda mulkin yana hannunsa?"

Ɗan'uwa, kundin tsarin mulki ya kifar, kuma kundin da shi da kansa ya kawo. Abin da ya yi ranar 16 ga Mayu 1961, da ya fito da soja ya ƙwace mulki daga gwamnatin Firayim Minista Chang Myon, juyin mulki ne irin wanda muka saba ji a rediyo da asuba. Na 1972 kuwa, mutum ne yana zaune bisa kujera ya sa aka kakkarya duk abin da zai iya tashinsa daga kanta. Koriyawa suna da suna ga irin wannan, in an juya shi zuwa Hausa zai zama kamar "juyin mulkin dogarai", wato wanda masu tsaron sarki ke yi wa sarki, ba don su cire shi ba, sai don kada kowa ya iya cire shi.

Da ƙarfe bakwai na yammacin Talata, 17 ga Oktoba 1972, aka fitar da sanarwa ta musamman daga fadar shugaban ƙasa. An kafa dokar soja a duk faɗin ƙasar, an rusa majalisar dokoki, an hana jam'iyyu motsi, an rufe jami'o'i, jarida da rediyo kuma ba su isa su fitar da labari ba sai an tace. Aikin majalisa ya koma hannun majalisar ministoci, wato mutanen da Park ya naɗa. A daren tankokin yaƙi suka tsaya a tsakiyar Seoul, aka kuma kwashe wasu 'yan majalisa na adawa zuwa hannun jami'an tsaro, inda aka gana musu azabar da sai a 1975 suka iya fitowa suka faɗa wa duniya. Bayan kwana goma aka fito da daftarin sabon kundi, aka raɗa wa al'amarin suna Yushin, wato sabuntawa. Da haruffan da Japanawa ke rubuta sunan sauyin Meiji na 1868 ake rubuta kalmar, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya yi makarantar soja a Manchuria da Japan tun ƙasarsa na ƙarƙashin mulkin mallakar Japanawa.

Abin da ya sa masana ke kiran wannan juyin mulki, ba gyaran tsarin mulki ba, yana cikin doka. Kundin 1962 bai ba shugaban ƙasa ikon rusa majalisa ba, ko da wane dalili. Ya ba shi ikon kafa dokar soja, amma ya ce in majalisa ta nemi a janye, tilas ya janye. Ka ga ke nan dole ya haɗa biyun a dare ɗaya, don da ya bar majalisa tsaye da ta iya warware masa shiri kafin gari ya waye. Kai da kake Nijar za ka tuna tazarcen Tandja Mamadou a 2009. Akwai kama, amma shi Tandja kundin ƙasarku ya ba shi ikon rusa majalisa, wurin kotun tsarin mulki da ƙuri'ar raba gardama ne ya tsallake iyaka. Park kuwa tun matakin farko a wajen doka ya taka.

To me ya kai shi? A ganina amsar lissafin kujeru ce, kuma sai an koma baya kaɗan za a gan ta.

Kundin 1962 ya ce wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu. Park ya ci zaɓen 1963 da ƙyar, da ratar ƙuri'u kamar 156,000 tsakaninsa da Yun Posun, ya sake ci a 1967 da rata mai faɗi. Kamata ya yi ya sauka a 1971. Amma a zaɓen majalisa na 1967 jam'iyyarsa ta samu kujeru 129 cikin 175, fiye da kashi biyu bisa uku da ake buƙata don taɓa kundi. Sai aka kawo gyaran wa'adi na uku. 'Yan adawa suka mamaye zauren majalisa suka kwana a ciki don su hana zama. Bayan ƙarfe biyu na daren 14 ga Satumba 1969, 'yan jam'iyya mai mulki suka sulale zuwa wani ginin majalisar da ke tsallaken titi, mutum 122 suka amince cikin 'yan mintoci, su kuwa masu gadin zaure ba su san wainar da ake toyawa ba. Irin wannan dabara tana da tarihi a ƙasar. A 1954 gyaran da zai cire wa shugaban ƙasa na lokacin, Syngman Rhee, iyakar wa'adi ya samu ƙuri'a 135 cikin 203, aka ce ya faɗi da ƙuri'a ɗaya, bayan kwana biyu aka dawo aka ce kashi biyu bisa ukun 203 ai 135 ne da ɗan ɓurɓushi, ɓurɓushi kuma ba mutum ba ne, don haka ya wuce.

Zaɓen 27 ga Afrilu 1971 shi ne ya tayar wa Park da hankali. Abokin takararsa Kim Dae-jung, mutumin yankin Jeolla mai shekara arba'in da 'yan kai, ya samu kashi 45 cikin ɗari, Park ya samu 53, ratar ba ta kai ƙuri'a miliyan ɗaya ba. Wannan fa duk da kuɗin gwamnati, da 'yan sanda, da hukumar leƙen asiri ta KCIA, da kuma rura wutar ɓangaranci tsakanin Gyeongsang, yankin Park, da Jeolla. A birnin Seoul Kim ne ya yi rinjaye. A wani gangami a filin Jangchungdan, Kim ya gargaɗi jama'a cewa in Park ya ci wannan karon ba za a ƙara zaɓen shugaban ƙasa ba, yana da labarin ana shirya mulki na har abada. Bayan mako guda Park ya tsaya a wannan filin ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai roƙi ƙuri'arsu. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, sai dai masu sauraren Park sun ɗauka sauka yake nufi.

Wata guda bayan haka aka yi zaɓen majalisa, kuma a nan ne ƙofa ta rufe. Cikin kujeru 204, jam'iyyar Park ta samu 113, babbar jam'iyyar adawa ta samu 89. Kashi biyu bisa uku 136 ne. Ko da an koma tsallaken titi da tsakar dare, babu inda za a samo mutum 136. Wa'adinsa zai ƙare a 1975, kuma hanyar da ya bi a 1969 ta toshe.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, don a wannan shekara ta 1971 kowane ɓangare sai da ya ɗaga masa kai. A watan Yuni kotun ƙoli ta soke wani sashe na doka da ya hana sojoji neman diyya daga gwamnati, a Yuli kuma alƙalai fiye da ɗari suka miƙa takardun murabus don nuna fushi da katsalandan ɗin masu gabatar da ƙara. A Agusta talakawan da aka kwashe daga unguwannin marasa galihu na Seoul aka jibge a wani fili, inda birnin Seongnam yake yanzu, suka yi bore. Ɗalibai suna kan titi saboda horon soja da aka tilasta musu, har sai da aka shigar da soja jami'o'i a Oktoba. Har cikin gidansa ba lafiya: ranar 2 ga Oktoba wasu jiga-jigan jam'iyyarsa suka haɗa kai da adawa suka kaɗa ƙuri'ar tsige ministan cikin gida. Aka kwashe su zuwa KCIA, kuma labarin da ya shahara shi ne har gashin bakin ɗaya daga cikinsu, attajiri Kim Seong-gon, aka tuttuge. Wanda ya yi wa nasa haka, ka san ba lallashin majalisa yake shirin yi ba.

Yanzu bari in yi wa Park adalci, domin tsoron da ya riƙa ambata ba ƙage ba ne. A 21 ga Janairu 1968 kwamandojin Koriya ta Arewa 31 sun kutsa har kusa da fadarsa da niyyar kashe shi. Bayan kwana biyu Arewa ta kama jirgin ruwan leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo, Amurka kuma ta zauna tattaunawa da su maimakon ramuwa. A 1969 shugaban Amurka Nixon ya ce ƙawayen Amurka na Asiya su fara ɗaukar nauyin tsaron kansu, a 1971 ya janye soja 20,000 daga Koriya ta Kudu, alhali dubban sojojin Koriya suna Biyetnam suna taya Amurka yaƙi. A Oktoba 1971 aka ba gwamnatin Beijin kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya aka fitar da Taiwan, a Fabrairu 1972 Nixon ya sauka a Beijin. Duk shugaban da ke zaune a Seoul a lokacin dole ya yi tunanin ko shi ne na gaba da za a yasar.

Sai dai ka lura da yadda hujjar ta riƙa juyawa. A Disamba 1971 ya kafa dokar ta-ɓaci ya karɓi ƙarin iko, dalilinsa shi ne Arewa na shirin kawo hari. Bayan wata biyar shugaban KCIA, Lee Hu-rak, ya je Pyongyang a asirce ya gana da jagoran Arewa Kim Il-sung, ranar 4 ga Yuli 1972 ɓangarorin biyu suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa kan haɗe ƙasa cikin lumana. Da Oktoba ta zo, dalilin ya koma cewa tsohon kundi na zamanin gaba ne, bai dace da zamanin tattaunawa ba. In yaƙi ne, a ƙara masa iko. In sulhu ne, a ƙara masa iko. Takardun diflomasiyya da aka buɗe daga baya ma sun nuna an sanar da Pyongyang shirin tun kafin 'yan Koriya ta Kudu su ji. Ranar 27 ga Disamba 1972 da Park ya yi rantsuwa a sabon kundi, ita ce ranar da Arewa ma ta amince da nata sabon kundin, wanda ya ƙirƙira wa Kim Il-sung muƙamin shugaban ƙasa. Tattaunawar kuwa ko shekara ba ta ƙara ba ta watse. Shi ya sa nake cewa tsoron gaskiya ne, amma kundin da aka rubuta da sunan tsoron ba Kim Il-sung ya ɗaure ba, kujeru 89 ɗin nan ya ɗaure.

Duba abin da ke cikinsa ka gani. An soke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, an miƙa shi ga wani taro mai suna majalisar haɗe ƙasa, mai wakilai fiye da dubu biyu waɗanda ba a yarda su kasance 'yan wata jam'iyya ba, su kaɗa ƙuri'a ba tare da muhawara ba, shugaban taron kuma shi ne shugaban ƙasa. Wa'adi ya koma shekara shida, babu iyaka. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar dokoki, 73 cikin 219, shugaban ƙasa ne ke rubuta sunayensu, wancan taro ya amince da jerin a dunƙule. Wa'adin waɗannan shekara uku ne kawai, rabin na zaɓaɓɓu, don kowa ya san wanda zai sabunta masa. Sauran kujerun kuma aka mai da kowace mazaɓa mai fitar da mutum biyu, ta yadda ko a Seoul, inda adawa ke da ƙarfi, ɗan gwamnati zai shige a matsayin na biyu. Wannan dabarar ta fi ba ni mamaki fiye da tankokin, domin ta nuna masu rubutun sun zauna da sakamakon 1971 a gabansu suna toshe ramuka ɗaya bayan ɗaya. An ba shugaban ƙasa ikon rusa majalisa da naɗa alƙalai, kuma alƙalan kotun ƙoli tara da suka yanke hukuncin nan na Yuni 1971, ko ɗaya ba a sake naɗa shi ba. Sashe na 53 ya ba shi ikon kafa dokokin gaggawa da za su dakatar da 'yancin jama'a, kotu kuma ba ta da hurumin duba su.

Ranar 21 ga Nuwamba aka yi ƙuri'ar raba gardama, dokar soja na aiki, an kuma hana kowa yin kamfe a kan daftarin sai masu wayar da kai na gwamnati. Aka ce kashi 91.9 sun fito, kashi 91.5 sun amince. Ranar 23 ga Disamba wakilai 2,359 suka taru a gidan wasanni na Jangchung, ɗan takara ɗaya tal, ya samu 2,357, biyu suka lalace. A 1978 ma haka: 2,577 cikin 2,578.

Magoya bayansa, kuma har yau suna da yawa, za su ce maka ba don Yushin ba da ba a gina manyan masana'antu ba. A Janairu 1973 ya shelanta shirin ƙarfe, jiragen ruwa, injuna, sinadarai da kayan lantarki, kuma kayan da ƙasar ke fitarwa waje, da suka kai dala miliyan 100 a 1964, sun kai dala biliyan 10 a 1977. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma gaskiya ne cewa shiri irin wannan, da ake karkata bashin banki ga 'yan kamfanoni kaɗan ana danne albashi, ya fi sauƙin yi in babu majalisa mai tambaya. Amma tattalin arzikin ya riga ya kama gudu tun tsakiyar shekarun 1960, lokacin da ake zaɓe. Babbar hanyar Seoul zuwa Busan an buɗe ta a 1970, masana'antar ƙarfe ta Pohang an fara gina ta a shekarar. Ban ga inda narka ƙarfe ya buƙaci a rataye mutane ba.

Don an rataye. Ranar 8 ga Agusta 1973 jami'an KCIA suka sace Kim Dae-jung daga wani otal a Tokiyo, suka ɗaure shi cikin jirgin ruwa, bayan kwana biyar aka yar da shi kusa da gidansa a Seoul, kuma matsin Amurka na cikin abin da ya tsirar da ransa. Da wasu dattawa suka fara tattara sa hannun mutum miliyan ɗaya don neman a gyara kundi, sai dokar gaggawa ta ɗaya ta fito a Janairu 1974: mai sukar kundin zai iya shan ɗaurin shekara 15 daga kotun soja. Ranar 8 ga Afrilu 1975 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa kan mutum takwas da aka zarga da kafa jam'iyyar juyin juya hali a ɓoye, bisa ikirarin da aka tatsa da azaba. Kafin a cika awa ashirin an rataye su. A 2007 kotu ta sake sauraron shari'ar ta wanke su. Jaridar Dong-A Ilbo, da ma'aikatanta suka yi shelar 'yancin aikin jarida a Oktoba 1974, sai aka tsorata masu ba ta talla, ta riƙa fitowa da fili fari fat a gurbin talla, talakawa suka riƙa sayen 'yan layuka suna rubuta saƙon ƙarfafa gwiwa, har daga baya masu jaridar suka sallama suka kori ma'aikata fiye da ɗari. Bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a hannun 'yan gurguzu, aka fito da dokar gaggawa ta tara a 13 ga Mayu 1975, wadda ta haramta sukar kundin, ta kuma haramta sukar ita kanta dokar. Da hukumar binciken gaskiya ta duba shari'o'in zamanin daga baya, kusan rabinsu a kan maganar baka ne, wani a wurin shaye-shaye, wani a hira, wani malami a aji.

Duk da haka a zaɓen majalisa na Disamba 1978 adawa ta fi jam'iyyar gwamnati yawan ƙuri'u, kashi 32.8 da 31.7. A ƙarƙashin Yushin wannan bai canza komai ba, kuma nan ne cutar tsarin take. Jama'a sun faɗi ra'ayinsu ta hanyar da aka bar musu, babu inda ya shiga. A Agusta 1979 'yan sanda suka afka wa mata ma'aikatan wani kamfanin gashin kanti da suka fake a hedkwatar jam'iyyar adawa, ɗaya ta mutu. Ranar 4 ga Oktoba aka kori shugaban adawa Kim Young-sam daga majalisa da ƙuri'un naɗaɗɗu da 'yan amshin shata. Ranar 16 ga wata Busan, cibiyar siyasarsa, ta tashi, Masan ta biyo baya, kuma wannan karon ba ɗalibai kaɗai ba ne, har da 'yan kasuwa da leburori.

Shugaban KCIA na lokacin, Kim Jae-gyu, abokin karatun Park a makarantar soja, ya je Busan ya gani da idonsa, ya dawo yana ba da shawarar a sassauta. Shugaban masu tsaron fada, Cha Ji-chul, yana cewa a murƙushe. Kim ya shaida daga baya cewa Park ya ce shi da kansa zai ba da umarnin harbi in abin ya kai Seoul, Cha kuma ya kawo misalin kisan Kambodiya yana cewa miliyan ɗaya ko biyu ba wani abu ba ne. Wannan shaidar wanda ya yi kisa ce, sai a riƙe ta da wannan sanin. Daren 26 ga Oktoba 1979, ana cin abinci a wani gidan KCIA a unguwar Gungjeong-dong, Kim ya harbe Cha, ya harbe Park. An rataye Kim a Mayu 1980.

Kundin bai mutu tare da mai shi ba. Janar Chun Doo-hwan, wanda aka ba binciken kisan, ya ƙwace ragamar soja a 12 ga Disamba, ya zubar da jini a Gwangju a Mayu 1980, a Agusta kuma majalisar haɗe ƙasar nan ta sake taruwa a gidan wasanni na Jangchung ta zaɓe shi da ƙuri'a 2,524 cikin 2,525. Sai bayan boren Yuni 1987 aka dawo da zaɓe kai tsaye, aka mai da wa'adi ɗaya na shekara biyar, aka kuma cire wa shugaban ƙasa ikon rusa majalisa. Daren 3 ga Disamba 2024, da shugaban ƙasa na lokacin, Yoon Suk-yeol, ya kafa dokar soja ya tura dakaru majalisa, 'yan majalisa suka riƙa haura katanga, har da kakakinsu. Wajen ƙarfe ɗaya na dare mutum 190 sun samu shiga zaure, dukkansu suka kaɗa ƙuri'ar a janye, kafin gari ya waye an janye. Ranar 4 ga Afrilu 2025 kotun tsarin mulki ta cire shi daga mulki da muryar alƙalai takwas, babu wanda ya saɓa.